Safar Kaka Eduvina

A Dalcahue ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gida ne, shi ke fara tashi, shi ke rufe ƙofa.
Kakata Eduvina na gefen murhu,
tsinke biyar a hannu, ulu na zuba daga cinya,
ni kuma da waya, na ce zan kai ta kasuwar duniya.

Na rubuta: "Inganci na ƙarshe! Babu irinta!
Rangwame! Yi sauri kafin ta ƙare!"
Na ɗora hoto, na danna, na miƙe ƙafa.
Kwana tara.
Mutum goma sha ɗaya suka leƙo,
huɗu daga ciki ni ne,
ɗaya gwaggo Hermelinda, tana tambaya ko na ci abinci.

Na sake lale. Na aro bakin manyan kamfanoni,
"ta alfarma", "ta zamani", "zaɓin masu aji",
na yi wa safa kwalliyar da ba ta roƙa ba.
Na karanta wa kaka da ƙarfi.
Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.
"Baltasar, wannan safar waye? Ban san ta ba.
Tawa ba ta da aji,
dunduniya gare ta, ninki biyu."

Ran Asabar Don Nibaldo ya shigo daga teku,
takalmin roba na tsiyaya, gemu duk gishiri.
Ya ajiye kuɗi, ya ɗauki biyu, ko tayi bai yi ba.
Na tare shi a ƙofa: me ya sa kullum tata?
Ya dube ni kamar na tambayi launin ruwa.
"Ko ta jiƙe, ƙafa ba ta sanyi.
Ƙarfe huɗu na asuba, me kuma zan nema?"

A daren na goge komai.
Na daina tambayar me nake son faɗa,
na koma tambayar wa ke farke yanzu
da ƙafa kamar ƙanƙara,
me zai rubuta a gurbin nema da yatsa mai rawa.
Ba zai rubuta "alfarma" ba.
"Safa" zai ce, "sanyi" zai ce,
wataƙila "ta baba", wataƙila "marar ƙaiƙayi".

Sai na sa: "Safar ulu, saƙar hannu, daga Chiloé.
Ko ta jiƙe, ƙafa ba ta sanyi.
Dunduniya ninki biyu. Kwana uku ake saƙa ta,
sai ka yi haƙuri da mu."
Layin ƙarshen na cire, na mayar, na cire.
Kaka ta ce bar shi, ai gaskiya ce.

Wata ma'aikaciyar jinya a Punta Arenas ta buɗe mana kasuwa,
ta ce layin haƙurin ne ya tsayar da ita.
Sai mai gadin dare a Temuco, ƙafa lamba arba'in da biyar.
Wani ya ce tsada, ya wuce.
Na ƙyale shi, da ma ba da shi nake ba.
Sau ɗaya na ƙara gishiri, na ce "ba ta tsufa",
aka aiko min hoton babban yatsa yana leƙe ta huji.
Na gyara: "Tana kai shekara uku,
in da ruwan sanyi ka wanke."

Yanzu sunaye goma sha tara ne manne a ƙofar firji.
Kaka na kukan kafaɗa, tana kuma neman ƙarin ulu.
Jiya Don Nibaldo ya zo, na ce sai ya bi layi.
Ya ce, "Da bakina kuka ci kasuwa, ni kuma in jira?"
Kaka ta ɗaga matashin kujera,
ta zaro wata mai launin toka, ta miƙa masa.
Ya ajiye kuɗi, ya ja hula,
ya koma cikin ruwan.