An Sayar da Gola

Ƙarfe shida, gari bai ko motsa ba a Manitoba,
dusar ƙanƙara ta haɗiye tayoyin motar Wendel,
amma ga su nan su uku a teburin kusurwa,
ni kuma ina kewaya su da butar kofi.

"An sayar da gola!"
Wendel ya maka jarida a tebur, cokali ya yi tsalle.
"Yaron da ya tare bugu arba'in da ɗaya ran Asabar,
an ba da shi a kan me? Gurbi biyu a zaɓen baɗi.
Gurbi! Kun taɓa ganin gurbi ya riƙe sanda?
Manajan nan ya saki reshe ya kama ganye."

Marsel, mai motar goge fili,
shekara talatin yana share sawun 'yan wasa,
ya hura kofinsa, ya ce, "Ni ƙafa nake karantawa.
Gwiwar hagun yaron ta fara yi masa ƙarya.
Sai dai wanda za su zaɓo ɗan sha biyar ne,
har yau uwarsa ke ja masa igiyar takalmi.
Cinikin biri a sama, shi muka yi."

Orest bai ɗago ba.
Fensir a hannu, ɗan littafi duk maiƙon man shanu.
"Ku ajiye son zuciya, ku ɗauki lissafi.
Mu ne na tara cikin sha biyu.
Bayanmu a wangale kamar rumbun da ba ƙyaure,
duk mai so ya shiga ya ɗiba.
Wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ya kai ashirin,
doka za ta raba mu da shi ko mun ƙi.
A sayar da saniya tun tana da nono."

"Haka ka ce da aka kori dogon nan mai karyayyen haƙori,
ya dawo da rigar wasu ya zura mana uku!"
"Biyu ne."
"Uku!"
"Na ukun alƙali ya soke."
Marsel ya ce alƙalin surukin manaja ne,
aka koma kan wannan, har ƙwai ya huce.

Ni dai na san abin da ba su taɓa ba.
Hunturu uku yaron na gidan Orest,
a ɗakin da marigayiya Halina ke ɗinki.
Ya zo da jaka ɗaya da ƙafa lamba sha uku,
ya cinye dankalin shekara kafin Kirsimeti.
Shi ke share ƙofa, shi ke tuna wa tsoho maganinsa.
Yau da ƙarfe huɗu na ga fitilar motarsu
ta nufi tasha. Ta dawo da mutum ɗaya.

Orest ya rufe littafi, ya zo wurin biya.
"Kofi ɗaya, da burodi da ƙwai biyu, ki naɗe,
kar ki sa albasa, ba ya..."

Ya tsaya.
Ni ma na tsaya, takarda a hannuna.
Injin sanyaya lemo kaɗai ke magana.

Na naɗe. Ban sa albasa ba.

Wendel ya taso, ya karɓe ƙunshin, ya gatsa.
"Ran Juma'a suna wasa a gida. Awa shida ne in hanya ta buɗe.
Motata ta fi taka taya."
Orest ya ja hularsa har gira.
"Cinikin dai daidai ne," in ji shi.
"Daidai ne," in ji Wendel da cikakken baki,
"manajan ne dai jaki."

Marsel ya leƙa taga, yana neman makullinsa.
Bakwai saura. Yara na jiran fili.