Dubu Takwas

Ran Talata Labbo ya faɗi gaban inji,
buhun shanshera a kafaɗa, ko wayyo bai ce ba.
Munka yayyafa mai ruwa, ya farka yana ba mu haƙuri,
wai ya ɓata muna lokaci.

Da la'asar Alhaji Tunau ya kira ni,
ya ƙirga dubu takwas, ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa.
"Akawu, yi wani abu da mutanen ga,
kuma ka kawo min canji."

Mu sha bakwai ne a injin casar nan na Jega.
Na raba kuɗin a bayan rasit,
rabon kowa bai kai tuwo da nama ba.

Sai na bi gari da ƙafa.
Randa biyu, na taya har mai ginin ta juya min baya.
Kankana shida. Soɓorodo, ba sukari.
Tela ya ba ni ƙyallayen da zai zubar,
mai ɗakina ta mai da su takunkumi saboda ƙaiƙayi.
Kulu mai tsince tsakuwa na da ƙanwa a asibiti,
za ta zo da abin awon jini
in mun sayi batir, mun biya ɗan kabu-kabu.

Asabar munka kashe inji.
Shirun ya ba mu kunya.
Shekara huɗu ina aiki da Nomau,
ran nan na fara jin muryarsa ba da ihu ba,
ashe siririya ce.

Arzika ya yi kokawa da ƙuruciya,
shi ya nuna yadda ake ɗaga buhu:
gwiwa ke durƙusawa, baya ba ya roƙon kowa.
Munka taka har bakin gulbi munka dawo,
masu ƙiba a baya suna tsine min.
Ba wanda ya ce lafiya uwar jiki.
Kowa ya san karin maganar,
ba ta taɓa sauke wa kowa kaya ba.

Aka jeru kan benci, hannu bayan hannu.
Labbo, kaza. Kulu, kaza. Ni ma an ce in rage gishiri.
Alhaji na tsaye yana dariya, ɓawon kankana a hannu,
ya miƙa nasa don wasa.
Yarinyar ta duba, ta sake ɗaurawa, ta duba.
Ta ce, "Baba, zauna tukuna."
Ya zauna kusa da Labbo,
benci ɗaya, randa ɗaya, moɗa ɗaya.

Tun ranar, inji na hutawa rabin awa bayan azahar.

Canji ɗari uku da hamsin, na kai, bai karɓa ba.
Da dare na buɗe littafin lissafi:
akwai layin gas, layin buhu, layin haraji,
babu layin abin da munka yi.
Na daɗe riƙe da biro,
sannan na rubuta shi ƙarƙashin gyaran inji.