Mai Tabarau a Kejetia

Tabarau nake sayarwa a Kejetia,
na karatu, na rana, na yanga.
Nakan goge gilashi da gefen riga
in ce wa mai saye, "To, yanzu ka gani?"
Ni kuwa shekara uku ke nan,
tun da muka binne Ishaku a Tafo,
in na durƙusa ba na ganin komai.
Addu'a ta zame mini sallama a kango.

Gwaggo Liyatu, yana ta rufe mata ido biyu.
Ran Lahadi ni ke ja mata sanda,
mu sauka daga torotoro a Aboabo,
mu tsallake kwata, mu shiga majami'a.
Takan ce, "Yesu, ga ni kuma,"
kamar mai bin bashin da ta tabbata za a biya.

Na ce, "Gwaggo, ya taɓa amsawa?"
Ta ce, "Mai yawan buɗe tukunya
shi ke cin ɗanyar shinkafa."

Daren jiya aka ɗauke wuta muna hanya.
Ruwa ya cika lungu, wayata ta mutu,
na tsaya cik, gabas ta ɓace mini.
Sai ta lalubo hannuna.
"Taka nan. Akwai dutse. Biyo ni."
Har gida ban yi tuntuɓe ba.

Ubangiji, ba zan ce na gani ba,
duhun yana nan.
Amma jinƙanka ya fi ni sanin lungun.
Ga hannuna.
Gobe ma zan durƙusa.