Awon Bangaskiya

Ruwan Yuli ya cika kwalbatin Idi-Araba
daren da Rifkatu ta daina tari.
Na ɗauka barci ne.
Nas ta zo ta zare robar hancin,
ta naɗe ta a hannu kamar igiyar guga.

Da asuba wani mai farar riga ya tare ni a ƙofa,
ba takalmi, ƙararrawa a hannu.
Ya ce da bangaskiyata ta cika mudu
da yarinyar ta tashi,
amma da sauran lokaci: kwalbar mai, dubu goma sha biyar.
Na biya. Ba zan ɓoye ba.
Na shafa mata a goshi, na kira sunanta har murya ta dushe,
sai mai gadin ɗakin gawa ya dafa ni,
ya ce, Baba, ya isa.

Shekara ashirin ina awo a kasuwar Mil Sha Biyu.
Na san kwandon tumatir da aka yi wa ciko da ciyawa,
na san mudun da aka buga wa gindi.
Sai na koma auna kaina:
wace Lahadi na tsallake, wace addu'a na yi da hamma,
a ina na yi tauye.

Wata uku ban buɗe Littafin ba.
Ran da na buɗe, wuta ta ɗauke,
na karanta da fitilar waya, sauro na kuka a kunne,
ina neman wanda mudunsa ya cika.

Ga gwauruwa a ƙofar gari, bayan makarar ɗanta tilo.
Ba ta roƙa ba. Ba ta ma ɗaga ido ba.
Kuka kawai take yi, aka tsayar da masu ɗauka.

Ga 'yar'uwar wanda ya kwana huɗu a kogo:
da bakin da ta ce ta gaskata
da shi ta yi gargaɗin wari.

A gidan shugaban majami'a
masu makoki dariya suka yi.

Har da wani da aka jefa kabarin annabi a guje,
don mahara sun ɓullo;
ba wanda ya tsaya cewa amin,
ya taɓa ƙashi, ya miƙe.

To shi mamacin fa, da me ya gaskata?
Gawa ba ta da ko ƙwayar gero.

Na ajiye wayar.
Ashe ba ciniki ba ne, balle a ce kuɗina bai kai ba.
Abin da aka nema a hannun masu rai kaɗan ne:
su ture dutse, ko suna toshe hanci,
su kwance likkafani,
su ba yarinya abinci.
Kuma duk waɗanda aka tayar sun sake mutuwa,
an sake yi musu kuka, ba a rubuta wannan ba.

Rifkatu tana Atan, kusa da katanga,
inda ƙarar danfo ba ta barin kowa ya yi shiru.
Uwarta, Kande, ta ce za ta tashi ran da za a tashi.
Ni wata rana na yarda, wata rana ina dai tafiya.

Amma akwai yarinyar gadon da ke kusa da nata,
'yar Badagiri, mai irin tarin,
wadda likitoci suka riga suka girgiza wa kai.
Jiya na gan ta zaune, tana neman abin ci.
Ban san wa ya gaskata dominta ba.
Na sauka bakin titi cikin ruwa,
na sayo ƙosai mai zafi da koko a leda,
na hau bene ina haki.