Fito a Haƙoran Tsisana

A kasuwar Busasshiyar Gada, can Tibilisi,
inda ake baje matattun agogai a kan bargo,
Ushangi ya buɗe bayan motarsa.
"Na'urar tace sauti biyu gare ni. Zaɓi ɗaya."

Ta farko fara sol, bara aka sake mata kayan ciki,
ƙura ma ba ta san sunanta ba.
Ta biyu ruwan toka, kusurwarta a lotse,
ga nauyi kamar yaron da barci ya kwashe,
an manna mata takarda, an rubuta da fensir:
ɗaki na huɗu, kada a taɓa.

Na ce masa ni ba gwana ba ce.
Ɗakin tarkace ne gare ni a hawa na uku,
na jingina katifa a bango, na toshe taga da kilishin ƙasa,
amma firjin maƙwabci na gurnani ta cikin siminti
dare da rana, kamar mai bin bashi.

"Me za ki naɗa?"

Muryar gwaggona Tsisana, shekara tamanin da ɗaya.
Waƙoƙin ƙauyen kan dutse na bakinta, babu su a takarda,
kuma tun da aka sa mata haƙoran roba
duk "sa" da ta furta sai ta taho da fito.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Maɓalli uku za ki koya.
Na farko farauta ne: murɗa a hankali
har ki taka wutsiyar ƙarar da ke damun ki.
Na biyu faɗin wuƙa.
Na uku zurfin yanka.
Mai nauyin hannu, garin cire ƙaya sai ya datse ƙafa."

Muka ari wuta a rumfar mai gyaran takalma.
Farar ba ta da abin kushewa,
haka kuma ba ta da abin faɗa.
Mai ruwan toka, da na taɓa maɓallinta na biyu,
sai ƙaras-ƙaras, kamar kaza cikin busasshen ganye.
Amma na ga inda fentin ya goge,
wurare biyu, uku, girman babban yatsa:
wani ya shekara talatin yana tsayawa a nan
yana saurare.

Lari dubu ya ce. Na ce ɗari shida.
Ya rantse da kabarin mahaifinsa, na juya kamar zan tafi,
muka tsaya a ɗari bakwai da hamsin.
Na rungumo ta a bas, tana cizon cinyata har gida.

Firjin na fara kamawa. Can ƙasa yake kwance.
Na siranta wuƙar, na yanka,
ɗakin ya yi tsit har na ji haɗiyar yawuna.

Sai fiton. Shi can sama yake, siriri kamar allura.
Kwana biyu ina binsa.
Na same shi, na danne shi, na goge gumi,
na ɗora wa gwaggo abin ji a kunne.

Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan sanda.
Ta ce, "Yarinyar nan ta iya waƙa.
'Yar gidan wa ce?"

Ban ce komai ba.
Na shiga mayar da maɓallin, kaɗan-kaɗan,
fiton na dawowa kamar kyanwar da aka kora,
har ta ɗaga yatsa.
"Nan. Ga ni nan."

Ba a wurin da fentin ya goge ba ne,
gaba kaɗan ne, inda ba wanda ya taɓa tsayawa.
Na nemo fensir na ja layi.

Ta cire abin jin, ta gyara kallabi,
ta tambaya ko akwai sauran shayi,
ta ce kuma a gaya wa maƙwabcin nan
firjinsa ba shi da lafiya.