Ƙarfe Mai Sanyi

Shekara ashirin da bakwai ina taɓa ƙarfe,
ban gamu da mai sanyi ba sai yau.
Sun maƙala mini shi a ƙirji, ɓangaren hagu,
daidai inda tari yake kwana.
Aka buga badujala, aka ce Saje Barau Tanimu,
jarumi.
Na ƙame. Takalmin aro yana cizon ƙafata.

Ƙarfen da na sani ja ne.
Na tagar wani ɗaki ne a Badarawa,
bayan layin masu wanki, ƙarfe uku na dare.
Maigidan ya kafa shi don ɓarayi,
sai ga shi ya tsare wa wuta 'ya'yansa.
Na kama shi da hannu biyu.
Ban ji zafi ba, ƙauri na ji,
har na ce, wa ke babbaka a daren nan?
Ashe ni ne.

An ce mun zo a makare. Gaskiya ne.
Mota ta ƙi tashi sai da turi,
lungu ya ƙi mota,
jifar farko ta sami Ishaya a goshi.
Ya share jini da hularsa, ya ja mesa.
Tankinmu ya ƙafe, wuta ko gumi ba ta yi ba.
'Yan garuwa ne suka ɓullo da kurarsu,
jarka goma-goma, ba wanda ya yi ciniki.
Akwai wani siriri mai silifa wari da wari,
sau bakwai ya je, sau bakwai ya dawo.
Na duba rumfunan Dandalin Murtala yau,
ban gan shi ba.
Wa zai aika wa mai ruwa katin gayyata?

Yara uku muka fitar.
Mai jawabi ya ce uku, aka yi tafi.
Huɗu ne a ɗakin.
Tun daga ranar, duk abin da na ƙirga,
ko raka'a, ko loma, ko matakala,
a ta huɗun nake tuntuɓe.

Bara aka zo tantance ma'aikata.
Na ɗora babban yatsa a kan na'ura, ta kawo ja.
Na goga a riga, na hura masa iska, ta kawo ja.
Yarinyar da ke kan tebur ta juya tafina,
ta ce, Baba, ai ba ka da zane.
Na ce yana nan a Badarawa, jikin taga.
Ba ta yi dariya ba, ba ta rubuta ba.
Wata biyar sunana yana cikin na bogi.
Lantana ta kai keken ɗinkinta Kasuwar Barci,
ta dawo da buhun masara, ba ta ce uffan ba.
Hukumar da ta ce babu ni
ita ce yau ta miƙo hannu muka gaisa,
kuma wannan hannun dai na ba ta.

Kada a ce na raina.
Yaba kyauta tukuici, na yaba.
Zarensa kore ne, yana da nauyi daidai gwargwado,
jikata ta lasa ta ce ba zaƙi.

Da la'asar na hau Keke zuwa Kakuri.
Ishaya na zaune gindin mangwaro,
hayaƙi ya gama da idonsa tuntuni.
Na sa masa a tafi, na naɗe yatsunsa a kai.
Ya shafa gaba, ya shafa baya,
ya ce, me suka rubuta?
Na karanta masa sunansa, na ƙara da na siririn nan,
ko da yake ban san shi ba, Mai Ruwa kawai na ce,
na ƙara da Ummita, ta huɗun.
Ya ce, Barau, ƙaramin abu haka ya ɗauke mu duka?
Na ce sun matse rubutun ne.

Muka yi shiru.
Can wajen gada jiniya ta tashi,
mu duka biyu muka laluba ƙasa da ƙafa
muna neman takalmi.