Gansakukar Kellu

Ni ɗan banda ne, Baga Sola gidana,
hayaƙin kifi ya kama rigata tun ina yaro.
Abin da ba shi da ƙaya, ba shi da ƙashi,
ban taɓa kiransa cima ba a kasuwa.

Kellu kuwa, 'yar Kanumbu da muke katanga ɗaya,
da assalatu take fita, ƙwarya a ka,
ta gangara tafkin da ko jaki ba ya sa baki,
ruwa kore shar, mai ɗaci, ɗan gidan kanwa.

Ta shiga har gwiwa, ta yaɗe samansa
kamar mai yaɗe mai a kan kindirmo.
Ta fafe yashi da tafi, ta zuba.
Yashi ya sha rabonsa, rana ta sha nata,
saura ya tsattsage kamar faso a diddige.
Wai shi ne dihe. Na ce, "Gansakuka dai!"
Na yi dariya. Ta yi shiru, ta ci gaba da shanyawa.

Sai Hansatu ta sauka, namiji.
Arba'in ta wuce, ƙarfi bai dawo ba.
Tafin hannu fari fat,
guga ɗaya a rijiya, sai haki, sai neman bango.
Yaro na ja, nono na ƙwauro,
ni ina ƙirga azara da dare don damuwa.

A asibiti Malama Ashta ta ja fatar idonta ƙasa.
"Jini ya yi kaɗan," in ji ta.
Ta ƙirga ƙwayoyi, ta ƙulle a takarda:
"Kullum ɗaya, ban da tsallake.
Kuma ba dihe a unguwarku?
Yana gina jiki, yana da abin da jini ke nema.
Ba laya ba ne, abinci ne. A samu mai tsabta,
a riƙa sa mata a miya ba yankewa."

Tsakanin ƙofata da ta Kellu taki bakwai ne.
Ran nan sai da na yi su kamar mai zuwa Mao a ƙasa.
Na yi sallama, murya can ciki.
Ba ta tuna mini ba, ko da wutsiyar ido.
Ta ɓantaro, ta ce, "Jiƙa, bar yashi ya kwanta,
tsiyaye, sa albasa da barkono,
ɗan kifinka ma ba ya hana shi daɗuwa."

Da tukunya ta tafasa na toshe hanci.
Ni! Mai warin banda har cikin hula!
Hansatu ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba,
ta gutsuri tuwon gero, ta dangwala,
harshe ya yi kore kamar na hawainiya,
ta ce a ƙara mata, tana jin yunwa.

Ba dare ɗaya ba. Wata ya fita, wani ya shiga.
Sai wata safiya na ji lugude a tsakar gida,
na leƙa: ita ce da taɓarya, yaro a goye.
Kar ka tambaye ni wa ya yi aikin.
Ƙwaya ta yi, miya ta yi, kifina ma ya taɓa,
Mai sama ya sa hannu, shi ke da warkarwa.

Bara na kai kaya Injamena.
A kantin magani na ga kwalba, ƙwayoyi kore a ciki,
an rubuta sifirulina, an liƙa kuɗi
da ya kusa na kwandon banda guda.
Na shinshina murfin. Na san warin nan!
Gansakukar Kellu ce ta sa riga ta shiga birni,
har mai kanti na min bayaninta da faransanci,
ina gyaɗa kai kamar baƙon gamuwa.

Yanzu duk ranar kasuwa nakan ajiye mata tarwaɗa biyu,
ita kuma ta miƙo nata ta kan katanga.
Wani lokaci ƙwayar yashi kan tsere wa mataci,
ta yi ƙaras a haƙorina tsakiyar loma.
Ba na tofarwa.
Nakan ce ladan dariyata ce, in haɗiye da ruwa.